Muryar Da Ba A Goge Ba

Shafi na 31

Assalamu alaikum masu bibiya. Na ga ƙorafinku a kan jinkiri, ku yi mini afuwa, makon jarabawa ne a makaranta. Ga wanda ya iske mu a hanya: Malam Armaya'u Wagini tsohon wakilin gidan rediyo ne, ya tsufa yana ɗauko labaran ƙauyukan Batsari da Safana. Bayan ya yi ritaya mutane suka matsa masa ya fito takarar majalisa. Jibi ne zaɓen fidda gwani a Safana, tsakaninsa da Alhaji Jamaluddeen. Bismillah.

*

Takalman mutum biyu Malam Armaya'u ya tarar a ƙofar zaurensa da ya dawo daga sallar azahar. Ɗaya ya san shi kamar yunwar cikinsa, tsohon takalmin Muntaka ne wanda dunduniyar hagu ta cinye. Ɗayan kuwa sabo ne ƙal, sai sheƙi yake.

Ya yi sallama ya shiga.

Muntaka na zaune a inda ya saba zama, jikin bango. Shi ne mai haɗa sauti a gidan rediyon, duk rahoton da Armaya'u ya taɓa aikawa ta hannunsa ya bi. Tun suna samari suke cin tuwo kwano ɗaya. Ɗan fari ma da Allah ya ba Armaya'u, sunan Muntaka ya ci.

Kusa da shi ga Jinjiri, na hannun daman Alhaji Jamaluddeen. Sunan ne kawai na jinjiri, mutumin kuwa sai ya sunkuya yake shiga zaure. Har matar Armaya'u, Hajiya Zuwairatu, ta aiko musu da fura, yana ta faman juya ludayi.

"Injiniya," in ji Armaya'u yana murmushi, "yau kuma da baƙo ka zo mini?"

"Hanya ce ta haɗa mu."

Muntaka bai ɗago ba da ya faɗa.

Jinjiri ya durƙusa har ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina da hanya. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan ya gyara zama.

"Baba, Alhaji ne ya ce in zo in gaishe ka. Ya ce kai uba ne a wurinsa. Ya ce muryarka ya tashi yana ji a rediyon babansa."

"Na gode. Allah ya yi masa albarka."

"Ya ce bai kamata a ga uba da ɗa suna kokawa a bainar jama'a ba. A yi masalaha, ka janye masa."

Armaya'u ya yi 'yar dariya.

"To ai da sauƙi. Tunda ni ne uban, sai ɗan ya bar mini."

"Baba ke nan."

"Ka ce masa na ji saƙo. Mu haɗu Safana jibi, wanda wakilai suka zaɓa mu bi shi da zuciya ɗaya."

Jinjiri ya kalli Muntaka. Muntaka ya kalli tabarma.

Sai Jinjiri ya zaro waya daga aljihu, ya ajiye ta a tsakiyarsu, ya danna.

Da farko kukan akuya aka ji, da hayaniyar yara daga nesa. Sai muryar mace, mai ɗan dishewa, tana rawa.

"Ni dai Malam tsoro nike ji. Amma wallahi mun san su. Mai kai musu mai da burodi cikin daji, tare muke ɗibar ruwa da matatai. Wanda ka gaya musu wane ya sai da shanu, sahu ɗaya yake sallah da mazanmu..."

Carbin da ke hannun Armaya'u ya tsaya.

Ya san muryar nan. Ya san ranar. A bayan makarantar firamaren da 'yan gudun hijira suka fake ya ɗauke ta, shekarar da aka tashi ƙauyukan wajen Ruma. Shi kaɗai ya je, shi kaɗai ya san matar. Da za a sa hirar a rediyo, Muntaka ya kumbura muryar har ta koma kamar ta ƙaton namiji. Bayan rahoton aka kama wasu daga cikin masu kai wa 'yan bindiga labari. Waɗanda suka tsira kuwa suka yi rantsuwa, ko a ramin ɓera matar take sai sun zaƙulo ta.

Ita kuwa ta koma ƙauyensu tana zaune a cikinsu, don ya ce mata, "Muryarki ba za ta fita ba, na ɗaukar miki alkawari."

Ga ta nan ta fita, tsirara, a kan tabarmarsa.

"Kashe," ya ce.

Jinjiri ya kashe.

"A ina ka samu wannan?"

"Haba Baba. Kai da ka ce ɗan jarida ba ya faɗin majiyarsa?"

Armaya'u bai ko kalle shi ba. Ya juya gaba ɗaya ya fuskanci bango, inda amininsa yake.

"Injiniya."

Muntaka ya ci gaba da kallon tabarma.

"Muntaka, da kai nake. Mutum biyu ne a duniyar nan suka taɓa jin muryar nan yadda Allah ya halicce ta. Ni ban ba kowa ba."

"Kai ka ce kada a goge."

"Me ka ce?"

Muntaka ya ɗago a karon farko. Idanunsa sun kaɗa.

"Na ce kai ka ce kada a goge. Hannuna yana kai zan goge ka riƙe ni. Ka ce asalin murya ita ce shaidar ɗan jarida, in gobe hukuma ta ce ƙirƙira muka yi, ita za mu nuna. Ka ce in ajiye. To na ajiye."

"Amana na ba ka!"

"Amana." Muntaka ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Ni kullum mai ajiyar amana ne. Kai ne murya, ni ne mai share tari da kakin da ke cikinta. Ka shiga kowane ƙauye a yanka maka kaza. Ni wa ya san ni? Matata ma in na ce ni na haɗa shirin, sai ta ce ai ba ta ji sunana ba."

"Yau ka fara sanin haka? Na taɓa cin wani abu na hana ka?"

"Ka tuna taron Wagini?"

"Na tuna."

"Ka hau bayan mota ka ce wa jama'a, in Allah ya ba ka kujerar nan, ba aboki ba ɗan'uwa, ba wanda zai samu muƙami don ya san ka. Aka yi ta tafi. Ina tsaye a bayanka riƙe da lasifika, Armaya'u. Da hannuna na ƙara maka ƙara don na ƙarshen fili ya ji."

"Gaskiya na faɗa."

"Na sani. Ita ce matsalarka. Ka shigo siyasa da furfura, ka kuma shigo da hular aikin jarida a kanka. Ka ɗauka labarai kake karantawa. Na bar gidana, na bi ka rana da ruwa a kan babur, ashe ko ka ci, ni dai mai riƙon lasifika ne har in mutu."

"Sai ka sayar da ran baiwar Allah."

"Ba wanda zai taɓa ta! Alhaji ya yi mini alkawari. Ka janye kawai, shi ke nan, magana ta mutu."

"Alkawari." Armaya'u ya girgiza kai a hankali. "Kai da ka ga abin da aka yi da nawa alkawarin, kake jingina da na wani."

Jinjiri ya yi gyaran murya, ya ajiye ludayi.

"Baba, kada ranka ya ɓaci da Injiniya. Mu ba mu san matar ba, shi ma ya rantse bai san ta ba. Ba ma son mu sani. Ni dai na saurari abin nan har na kusa haddace shi, kuma tausayinta nake ji wallahi. Amma ka san waya. Yaro ɗaya ya yi kuskuren turawa, kafin la'asar muryar ta kai Ruma. Can kuwa ba sai an faɗi suna ba. Kowa ya san muryar maƙwabciyarsa."

"Barazana kake mini a zaurena?"

"Subhanallahi! Ni na isa? Shawara ce ta ɗa da uba."

Armaya'u ya dafa bango ya miƙe.

"Ku ba ni ɗan lokaci."

"Ba ma sauri, Baba. Furar Hajiya ma ba mu ga ƙarshenta ba."

*

A tsakar gida Hajiya Zuwairatu na zaune a inuwar darbejiya tana tsinke zogale. Kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye tiren.

"Malam, lafiya? Ko jinin ne ya hau?"

"Ba ni ruwa."

Ta ɗebo masa a randa. Ya kai kofin baki, sai idonsa ya sauka a kan wani kwano da aka rufe da faifai a gefen turmi.

"Wannan na wa?"

"Na Bara'atu mana, mai daddawa. Ka manta yau kasuwa? Yanzu za ka ji sallamarta, ba ta wuce bayan azahar."

Kofin ya suɓuce, ruwa ya jiƙa masa gaban riga.

Shi da kansa ya haɗa Bara'atu da gidan nan. Ya ce wa Hajiya ga wata baiwar Allah mai daddawa mai kyau, ta riƙa saye a wurinta. Dabararsa ita ce duk ranar kasuwar Batsari ya ji sallamarta daga ɗaki, ya san tana nan da ranta. Bai taɓa fitowa sun yi doguwar magana ba.

Kuma gidan nan ƙofarsa ɗaya. Ta baya shi ya sa aka toshe ta da bulo, shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari. Duk mai shiga sai ya ratsa zaure.

"Hajiya, ɗauki hijabinki. Ki bi hanyar kasuwa ki tare ta. Kada ta zo gidan nan. Kada ta buɗe baki kusa da gidan nan."

"Ikon Allah. Me Bara'atu ta yi?"

"Ba ta yi komai ba."

"To me ya..."

Ta tsaya. Ta dubi ƙofar zaure, ta dubi mijinta. Mace ce da ta yi zaman aure da ɗan jarida tun tana da ƙuruciya, ta san irin shirun da yake yi in an taɓo majiya.

"Malam. Matar nan ta rediyo, mai muryar maza."

Ya kawar da kai.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk tsawon lokacin nan tana cin tuwo a gabana, ba ka gaya mini ba?"

"Ban gaya wa kowa ba. Shi ya sa take raye."

"Su wa ke zauren?"

"Jinjiri. Da Muntaka."

"Muntaka namu? Wanda ɗanmu ya ci sunansa?"

"Hajiya, hijabi."

Ta fizgo shi daga kan igiya, ko takalmi ba ta tsaya zaɓe ba.

*

Tana sa ƙafa a zaure Jinjiri ya zabura ya durƙusa, kuma daidai bakin ƙofar fita ya durƙusa, ya cika ta fam.

"Hajiya, barka da rana."

"Barka kadai."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya gida? Ya yara? Ya fama da jama'a?"

"Alhamdu lillahi."

"Mun sha fura, Allah ya saka da alheri. Wallahi rabona da irin wannan damun tun rasuwar innata. Ya wajen su Alhaji Nasiru a Safana? Na ji an ce ƙafar ta matsa masa."

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ita Hajiya Ramlat ta dawo daga Umara kuwa?"

Armaya'u yana tsaye a bayanta, zufa na bin bayansa. Ba a katse mai gaisuwa, ba a tsallake wanda ya durƙusa maka. In ta yi haka, shi kansa abin tambaya ne. Kunnensa na waje, duk takun da ya ji a lungu sai gabansa ya faɗi.

"Jinjiri," ya ce da murya a sanyaye, "ba ta hanya, barka za ta shiga maƙwabta."

"Af! Tuba nake, Hajiya. A gaida mai jego."

Ya matsa. Ta fita, ta karya dama, hanyar kasuwa. Muntaka ko gaishe ta bai iya yi ba, ita ma ba ta dubi inda yake ba.

Armaya'u ya zauna. Ya tuna matan Wagini da suka yi ta guɗa ranar da ya amsa zai fito. Ya tuna tsohon da ya kama hannunsa a Safana ya ce, "Kai ka faɗi kukanmu a rediyo, yanzu je ka faɗe shi inda ake yanke hukunci." Duk ya ɗora su a gefe ɗaya na sikeli. A ɗaya gefen mace ɗaya ce da ƙwaryar daddawa.

"Na janye," ya ce.

"Allahu Akbar!" Jinjiri ya tafa hannu. "Na san Baba dattijo ne!"

"Amma ka goge abin nan a gabana. Yanzu."

"Za a goge. Da an gama jibi, wallahi da hannuna."

"Yanzu na ce."

"Baba, ko na goge tawa, ta Alhaji fa? Ka bari a yi komai a tsanake."

Armaya'u ya dubi Muntaka.

"Ka ji ko, Injiniya? Har ta haihu. A wayar wa da wa take kwana yanzu?"

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"To ku tashi," in ji Armaya'u. "Kun samu abin da kuka zo nema. Ku je ku gaya masa."

"Saura ƙiris, Baba. In na je da baki na ce ka janye, wa zai yarda? Mutanen nan ba takarda suka sani ba, muryarka suka sani. Ka faɗa da bakinka mu ɗauka, gobe a sa a motoci a zaga ƙauyuka." Ya miƙa wa Muntaka wayar. "Injiniya, aikinka ne."

Muntaka ya karɓa. Ya ɗaga wayar ya riƙe ta cak, kamar yadda ya saba. Ya matso a kan gwiwoyinsa, ya daidaita ta ƙasa da haɓar amininsa.

"Ɗan ɗago kanka," ya ce a hankali. "Kada numfashi ya shiga."

Maganar da ya yi masa sau ba adadi a ɗakin ɗaukar shiri. Armaya'u ya ji ta har cikin ƙashinsa. Ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗago kan.

Muntaka ya ɗaga yatsa, ya sauke.

"Jama'ar Batsari da Safana, assalamu alaikum. Ni ne naku, Armaya'u Wagini. Bayan shawara da..."

"Salamu alaikum, masu gida!"

Daga bakin ƙofa ta fito. Muryar mace, mai ɗan dishewa.

"Hajiya na ciki? Ga ni tahe da daddawa. Yau ta bayan masallaci na biyo, rana ta yi zahi wallahi."

Ba wanda ya amsa sallamar.

Inuwarta ta faɗo cikin zauren, da ƙwarya a ka. Wayar tana nan a hannun Muntaka, tana ɗauka.

Jinjiri ya karkata kai a hankali, kamar mai son tuna inda ya san wata waƙa. Ya dubi ƙofa. Ya dubi Armaya'u, ya ga yadda fuskarsa ta koma. Murmushin da ke bakinsa ya ɗauke.

"Salamu alaikum! Ko ba kowa?"

"Injiniya," in ji Jinjiri ƙasa-ƙasa, "kai ne mai kunne. Wannan muryar, ita ce ko ba ita ba ce?"

Armaya'u ya kama gefen rigar amininsa ya riƙe.

Muntaka ya buɗe baki.